Hannun Bahago a Esin Hajiya Kande

A Daura ba kowa ne ya san sunansa na gaskiya ba. In ka ce Onuora sai a yi ta kallonka, amma in ka ce Mai Sanyi, ko mai goro a tasha zai nuna maka shagon da baki. Ga shi can bayan masu faci, inda matattun firji suka jeru a rana kamar masu jiran likita.

Mutumin kudu ne, Ibo, daga wani ƙauye kusa da Nnewi. A Sabon Garin Kano ya koyi gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, a hannun wani ubangida mai zafin rai. Da aka yaye shi, wani ɗan garinsu mai sayar da kayan babur ya ce masa Daura akwai rana kuma babu mai gyara, duk wanda firjinsa ya tsaya sai ya ɗora shi a mota zuwa Katsina. Tun zamanin soja ya iso da jakar kayan aiki da tabarma, yana cewa ɗan lokaci zai yi ya koma. Bai koma ba. Ya je gida ya auro Virginia ya kawo ta, Hausa ta zauna masa a baki har yana yi wa Katsinawa ba'a da irin maganarsu, ya kuma saba da fura har in rana ta yi bai sha ba sai ya ce jikinsa babu daɗi.

Shagon da yake haya na mijin Hajiya Kande ne. Ita Hajiya ungozoma ce a asibiti, kuma ita ta karɓi haihuwar 'yarsa Adaolisa, wadda suke kira Ada. Daga ranar ta daina zama matar mai shago a wurinsa, ta zama uwa. Ko bayan mijinta ya rasu, duk Sallah sai kwanon tuwo da nama ya isa gidan Onuora, duk Kirsimeti kuma sai shinkafar Virginia ta isa gidan Hajiya.

Da aiki ya yi masa yawa sai ya ɗauko ƙanensa Austin, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya gama sakandare yana zaman banza a ƙauye. Austin bahago ne. Malaman makaranta sun yi dukan duniya a kan hannun nan, bai saki ba. Ga surutu, ga son ƙwallo, ga wani fito da yake yi ta tsakanin haƙora in aiki ya yi masa daɗi. In zai haɗa waya, ta hagu yake murɗa ta, akasin yadda kowa ke yi. In ya naɗe ta da baƙin tef kuma sai ya lanƙwasa ƙarshen ya bar masa ɗan kunne. Onuora ya sha yi masa faɗa cewa ɓarnar tef ce.

"Don wanda zai zo bayana ne," in ji Austin. "In ya sami wurin kamawa ba zai zage ni ba."

Shekarar da aka fara maganar shari'a, ƙasa ta ɗauki zafi, amma su ba su sa abin a ka ba, aikinsu suke yi. Austin ya ji labarin wani otal a Kaduna da zai rufe yana karyar da tsofaffin esi, ya ce bari ya je ya zaɓo masu sauran rai. Ya tafi da 'yar jakarsa, ya ce ba zai daɗe ba. A makon nan Kaduna ta rikice.

Lokacin babu wayar hannu. Onuora ya zauna gindin rediyo har aka ce hanya ta buɗe, sannan ya tafi. Ya shiga barikin soja inda mutane suka fake, yana bin fuska ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga asibitoci. Ya shiga inda ake ajiye gawa, ya ga abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya sami abokin da Austin ya sauka a wurinsa zaune a harabar coci da riga ɗaya, gidansa ya ƙone. Abokin ya ce Austin ya sha shayi da safe ya fita duba kayan otal, iyakar abin da ya sani ke nan.

Da ya dawo Daura ya tarar 'yan'uwansa da yawa suna loda kaya a manyan motoci za su kudu. Virginia ma ta ɗaure nata. Onuora ya dubi ƙullin kayan ya ce, "In ya dawo ya tarar da shago a rufe, ina zai nufa?" A ranar Hajiya Kande ta yafa mayafi ta zo da ƙafarta, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gidansu, ta zauna tana jan carbi har la'asar. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce wa Virginia ta kwance kayanta, nan gida ne. Babu kuwa wanda ya ɗaga musu murya a unguwar.

Rayuwa ta ci gaba da tafiya. Da shari'a ta zo jihar, gidajen giya suka rufe, aikin firjinsu ya tafi, amma masu ƙanƙara da masu zoɓo da kunun aya suka cike gurbin. Dattawan dangi suka aiko cewa a yi wa Austin makoki yadda al'ada ta tanada, Onuora ya ce shi bai ga gawa ba. Sai dai ya canza. Ya juya bencin aikinsa ya fuskanci titi. Duk motar da ta shigo tasha daga kudu sai ya ɗaga kai, ko da yana tsakiyar walda ne, har ya ga fasinja na ƙarshe ya sauka.

An yi kusan shekara goma a haka. Wata bazara mai tsanani, irin wadda ko kaji ke buɗe baki a inuwa, Musaddiq ɗan Hajiya Kande ya tsaya da mota a ƙofar shago. A Katsina yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ya ce Hajiya hawan jini ya matsa mata, zafi kuma yana hana ta hutawa, shi ya sa kwanakin baya ya sayo mata esi na hannu a kasuwar Mai'adua, irin wanda ake fasa bango a zura. Ya yi aiki 'yan makonni, yanzu ya ƙi.

"Da ka kira ni tun kafin ka saya," in ji Onuora.

"Na ga kamar sabo ne, Oga."

Bayan azahar suka isa. Hajiya ta yi ritaya tuni, jiki ya yi nauyi. Suka same ta zaune a ƙasa ta jingina da gado, ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya. Onuora ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi yadda na'urar take yi.

"Nishi yake yi kamar mai naƙuda," in ji ta. "Sai ya yi ƙas, ya yi shiru. Iska tana fitowa, amma ba ta da maraba da ta tsakar gida."

Onuora ba ya fara zargin babban abu sai ya kawar da ƙanana. Ya zare ragar gaba, ya ga datti ya toshe ta, ya wanke ya mayar. Ya auna wuta da mita, ya ga ba ta da ƙarfi sosai amma ta isa. Fanka tana juyawa lafiya. Ya zagaya bayan ɗaki ya kai tafin hannu inda ya kamata zafi ya riƙa fita, ya ji babu komai. Ya kasa kunne. Can ciki kwamfireso, wato baƙar tukunyar ƙarfen da ke tura gas, tana gurnani tana son tashi, sai ta kasa ta yanke. Ya ce wa Musaddiq sai an sauke shi.

Suka ciccibo shi suka ajiye a gindin darbejiyar tsakar gida. Onuora ya kwance sukurori ya ɗaga murfi. Idonsa ya fara sauka a kan kafasita, 'yar gwangwanin da ke ba kwamfireso ƙarfin tashi, don ita ce ta fi yawan kawo irin wannan ciwo. An taɓa canza ta. Ya bi wayoyin da ido zuwa inda aka haɗa su.

Ta hagu aka murɗa su. An naɗe da baƙin tef, an lanƙwasa ƙarshen, an bar masa ɗan kunne.

Ya tsura wa kunnen tef ɗin ido. Ya gaya wa kansa cewa tsohon aiki ne, wataƙila esin ya taɓa ratsa shagonsu tun Austin yana nan, ya yi yawon duniya ya dawo. Sai ya sake duban kafasitar. Irin ta China ce mai shuɗin tambari, wadda ba ta daɗe da shigowa kasuwa ba. Lokacin da Austin ya ɗauki jakarsa ya fita, babu irinta a ƙasar nan.

Ya ja baya ya zauna a kan wani kifaffen turmi.

"Wuta ce ta ja ka?" Musaddiq ya tambaya.

"A'a. Rana ce."

Aka kawo masa ruwa ya sha, ya koma kan aiki, amma hannunsa yana kauce wa wayoyin nan kamar mai gudun ɗanyen miki. Kafasitar lafiyarta lau. A gwiwar bututu ya ga jirwayen mai, ya shafa ruwan sabulu, kumfa ta tashi a wuri fiye da ɗaya, gas yana zurarewa ke nan. Tsatsa ta ci gindin bututun. Kwamfireson kuma ko minti kaɗan ba ta yi sai ta ɗauki zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Tun kafin ya miƙe ya san amsar.

Musaddiq ya ce, "Oga, gaya mini tsakani da Allah. Gyara ko sakewa? In ya mutu ne in nemo mata sabo, irin mai gida biyu, rabi a ciki rabi a waje."

Duk garin an san Onuora ba ya ɓoye mutuwar ƙarfe. In abu ya ƙare zai ce maka ya ƙare, kada ka zuba ruwa a kwando. Amma ranar sai ya ji bakinsa yana cewa, "Bari mu gwada shi tukuna."

Ya like ramukan da walda, ya ɗura gas, ya wanke bayan da ruwa. Aka mayar bango, aka kunna. Kwamfireson ta yi gurnani, ta yi gurnani, sai ta tashi. Sanyi ya fara sauka, Hajiya ta cire tawul ta sa masa albarka. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, don a cikin karkarwar fankar akwai wani siririn sauti da ke fita ta tsakanin ƙarafa, irin fiton nan. Ya san gefen fanka ne ke gogar wani abu. Saninsa bai hana shi ci gaba da saurare ba.

Ba a jima ba esin ya sake tsayawa. Ya je ya like wani ramin. Ya sake tsayawa, ya sake zuwa. Har ya zama ko ba a kira shi ba yakan rufe shago da hantsi ya ce zai leƙa Hajiya. Hanya biyu ce a gabansa, kuma ya auna su ya fi a ƙirga. In gyara na gaskiya za a yi, sai an sa wata kwamfireso, kuma ba a sa ta sai an yanke wayoyin nan an warware tef ɗin. In sabo za a saya, wannan sai masu gwangwan su zo su farfasa shi da guduma su zare jan ƙarfe. Ko wace ya bi, hannun zai ɓace. Saboda haka ya tsaya a tsakani yana faci.

A shago ma abin bai bar shi ba. Yana sunkuye a bayan firji sai ya miƙa hannu gefen hagu yana jiran a ɗora masa filaya, har sai ya ji hannun ya gaji. Abinci ya daina shiga. Virginia ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce zafi ne kawai.

Wata rana ya sauke esin shi kaɗai yana tsugune a gindin darbejiya, murfi a buɗe, babu abin da yake taɓawa. Bai ji tahowar Hajiya ba sai da inuwarta ta rufe shi. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna da ƙyar.

"Onuora."

"Na'am, Hajiya."

"Na tsufa ina kallon fuskokin mutane a lokacin da ba sa iya ɓoye komai. Wannan ba gyara kake yi ba, ziyara kake zuwa. Me ka gani a cikin ƙarfen nan?"

Ya nuna mata wayoyin da tsinin sukudireba. Ya gaya mata yadda Austin yake murɗa waya, da kunnen tef, da kafasitar da ba ta kai shekarun ɓatansa ba. Ta sa tabarau ta sunkuya ta duba.

"Ni dai waya nake gani," in ji ta. "Amma kai ka san hannun ɗan'uwanka." Ta cire tabarau ta riƙe a cinya. "Ɓata ya fi mutuwa ciwo. Wanda ya mutu an san inda yake. Tashi ka ɗauko mini wayata."

Ta kira Musaddiq ta tambayi wurin wa ya sayi esin. Ya ce wani Hamma ne, rumfarsa tana can gefen masu kayan wuta.

Da Onuora ya gaya wa Virginia, ta ajiye wuƙar da take yanka kuɓewa ta dube shi.

"Baban Ada, kada ka tono mana abin da muka binne da ƙyar."

"Ba mu binne komai ba," in ji shi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya hau babur ya nufi Mai'adua. Kasuwa ta cika ta batse, raƙuma da shanu a gefe guda, buhunan gero a gefe guda, mutanen Nijar da rawunansu suna ciniki. Ya sami Hamma a cikin tsofaffin firji da fankoki. Hamma ya ce shi ba ya gyara, saye yake yi ya sayar. Wancan esin a Damagaram ya ɗauko shi, a shagon wani dattijo Maliki da ke bayan tashar manyan motoci.

Washegari Onuora ya sa hoton Austin a aljihun gaba, ya tsallaka iyaka ta Kwangwalam, ya bi ta Matamai. Duk tsawon hanya yana shirya abin da zai faɗa in ya gan shi. Wani lokaci faɗa yake shiryawa, wani lokaci ya ga gara kada ya ce komai, ya zauna kusa da shi kawai ya miƙa masa filaya.

Maliki dogon mutum ne mai farin gemu, yana shan shayi a ƙaramin kofi. Ya saurari baƙon har ya gama, bai katse shi ba.

"An yi wani bahago a nan," in ji shi. "Mutumin Najeriya ne, ba Bahaushe ba, ko da yake yana jin Hausa. A bayan motar kaya ya zo, shekarun baya. Ya tsaya yana kallon aikina, ya nuna mini inda na yi kuskure da yatsa, sai na ce ya zauna."

"Yaya sunansa?"

"Na tambaye shi, ya yi kamar yana nema a cikin kansa bai samu ba. Sai muka riƙa ce masa Bahago. Ba mai magana ba ne. In kasuwa ta yi hayaniya ko aka ƙona shara kusa, sai ya shige can ƙuryar shago ya zauna har abin ya wuce. Ban taɓa ganinsa a masallaci ba, ban taɓa ganinsa a coci ba."

Onuora ya zaro hoton. Austin ne a ƙofar shagonsu na Daura, yana dariya, da rigar ƙwallo. Maliki ya goge yatsunsa a riga ya karɓa, ya fita da shi haske, ya daɗe yana kallo.

"Wanda na sani wuta ta taɓa cin rabin fuskarsa har wuya. Ya fi wannan rama nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa ganin haƙoransa ba." Ya miƙo hoton. "Goshin kamar shi. Amma in na ce maka shi ne na yi ƙarya, in na ce ba shi ba ne ma na yi ƙarya."

"Yana fito in yana aiki?"

Maliki ya yi tunani. "Ban lura ba. Shagon nan ƙara gare shi."

"Kunnen tef fa?"

"Yana yi. Amma kada in rufe ka, ubangidana ɗan Togo ma haka yake yi, tun ina saurayi. Bahagwai kuma Allah ya yi su da yawa."

Ya ce bara, bayan damina, wata safiya Bahago ya wanke hannunsa ya hau motar da za ta Agadas. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ce ga dalili ba, bai bar ko tsinke ba. Onuora ya nemi a nuna masa ƙuryar da yake zama. Babu komai a wurin sai wani tsohon injin firji da aka kifa ake zama a kai. Ya zauna a kansa na ɗan lokaci. Maliki ya kawo masa shayi, ya koma bakin ƙofa ya bar shi.

Kafin Onuora ya baro garin ya zaga tashar, ya ba direbobin arewa lambar wayarsa, ya ce in sun ga bahago mai ƙuna a fuska yana gyaran injin sanyi su ce masa shagon Daura yana nan a buɗe.

Da ya dawo ya tarar an kwantar da Hajiya Kande a asibiti an sallamo ta. Esin ya tsaya tun ranar da ya tafi, zafi ya yi mata yawa, jiri ya kayar da ita a bakin ɗaki. Ya same ta a kwance, ƙafafu sun kumbura, Musaddiq yana mata fifita da maficin kaba. Duk da haka ita ta fara tambaya.

"Ka same shi?"

"Na sami inda wani ya zauna, Hajiya."

Ya ba ta labarin yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba. Ta ce Allah ya bayyana shi in yana raye, in kuma ya riga mu, Allah ya ba ku haƙuri. Musaddiq ya ajiye mafici, a ransa akwai magana amma yana jin nauyin uwarsa. Ita ta ɗauke masa.

"Musaddiq yana son ya sayo sabo. Na ce masa a jira ka. In ka ce a gyara, a gyara, ko sau nawa ne. Ni na saba da zafin Daura tun ba a haife ku ba."

Onuora ya dubi ƙafafunta, ya dubi ramin bangon da esin ke ciki. Ya yi magana a hankali, kamar yadda yake yi wa kowane mai kaya. Ya ce ko an sa wata kwamfireso, bututun ya riga ya ruɓe, yau a like nan gobe can ya ɓalle, gyaran gangar Auzinawa za a yi ta yi. Wahalar gyaran ta kusa kai ta sayen sabo, ga shi tsohon yana jan wuta da yawa, da ƙyar layin unguwar yake ɗauka. Sabon kuwa ko wuta ba ƙarfi zai tashi, kuma ba shi da ƙara.

"A sake shi, Hajiya," in ji shi. "Wannan ya gama aikinsa."

Shi da kansa ya je Kano tare da Musaddiq ya zaɓo, shi ya kafa, ya sa magini ya toshe ramin bango. Tsohon kuma Hajiya ta ce kada mai gwangwan ya kusance shi, a ɗora a kura a kai gidan Onuora.

A tsakar gida aka sauke shi, kusa da madafa. Virginia tana wanki. Onuora ya ɗaga murfin, bai kira ta ba, ya shiga ɗaki ya canza riga. Da ya fito ya gan ta tsugune a gaban esin, hannunta da kumfa, tana kallon wayoyin. Ita ma ta san hannun, don Austin ne yake gyara mata dutsen guga da risho. Ta miƙe ta ɗauraye hannu, ta ɗauki tsintsiya ta buɗe ɗakin baya inda suka daɗe suna jibge buhuna da tsofaffin kwalaye, ta fara fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba ta share shi ta shimfiɗa wa Austin katifa.

Mahaifiyar su Onuora tana nan da rai a ƙauye, ido ya tafi, kunne ne ya rage. Onuora ya yi ta shawara da Virginia ko a gaya mata. Virginia ta ce tsohuwa ba za ta iya ɗaukar rabin labari ba. Da Kirsimeti ya je gida da niyyar yin shiru. Suna zaune a inuwar gidan tana shafa hannunsa, tana cewa ya yi kaushi, sai ya ji ya fara. Ya ce mata akwai wani bahago can arewa, bayan iyaka, da ake yabon aikinsa. Ba a san sunansa ba, kuma ba lallai ne shi ba.

Tsohuwa ta daina shafa hannunsa. Sannan ta ce, "Yana cin abinci?"

Onuora ya tuna bai yi wa Maliki wannan tambayar ba. Ya ce mata zai bincika.

Ta rasu da damina ta gaba. Daga direbobin nan, mutum ɗaya ne ya taɓa kira, ya ce ya ga wani bahago a Arlit, amma da aka bi diddigi sai ga shi ɗan Gana ne mai gyaran rediyo. Hajiya Kande ta ƙara wasu shekaru masu kyau a cikin sanyin ɗakinta kafin ita ma ta amsa kira, Onuora yana cikin waɗanda suka tsaya daga nesa a maƙabarta har aka watse. Yanzu bayansa ba ya barinsa ɗaukar nauyi, Adaolisa ce ke kula da sayar da kayan gyara, shi kuma sai aikin da ake yi a zaune. 'Ya'yansa sun gina masa gida a ƙauye, da bene da famfo, suna ta kira ya dawo ya huta. Kullum yakan ce musu sai bayan bazara, yanzu aiki ya yi yawa.